Kwana a Kurmin Kan Dutse: Shirin Mutumin Ƙasarmu Kafin Ya Hau Mambila

Ni mutumin ƙasar Birnin Kudu ne, daga wani ƙauye da ke kan hanyar Gwaram. Dutse ba baƙonmu ba ne, muna yara a kansa muke wasan ɓuya, kuma sanyin hunturu mun sha shi har ƙafafunmu sun yi faso. Shi ya sa ranar da na gaya wa Kawu cewa ni da ƙanena da wani abokina za mu je mu kwana uku a kurmin Mambila, ya ce in nemi leda mai yawa, sai na yi dariya. Kawu ya yi shekaru yana jan babbar mota zuwa Gembu, babban garin da ke kan tsaunin Mambila, ba ya kuma son dogon bayani.

"Kawu, sanyi fa mun saba da shi."

"Kai yaro, namu busasshe ne. Nasu jiƙaƙƙe ne. Ka nemi leda."

Ban nema ba. Daren farko tantin da na saya da araha ya yi ta ɗiga a kan bargona, ba ruwan sama ba, raɓa ce kawai da tururin numfashinmu. Da asuba rigata ta shadda ta manne a bayana, haƙorana suna haɗuwa, ashana ta ƙi kamawa. Tun daga wannan tafiya na koma sau biyu, kuma duk abin da zan faɗa a nan a kan maganar Kawu ya ginu: a kan dutse, wanda ya jiƙe shi sanyi yake kayarwa. Kowane mataki na shirin, daga kasuwa har zuwa kafa turke, ka tambayi kanka ko zai bar ka a bushe.

Fara da sanin tsawon inda za ka kwana

Filayenmu na Kano da Jigawa galibi suna wajen mita 400 zuwa 500 sama da matakin teku. Tsaunin Mambila, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba, yana wajen mita 1,600. Kurmin Ngel Nyaki da ke kusa da ƙauyen Yelwa yana gefen wannan tsauni, tsakanin mita 1,400 da 1,600. Chappal Waddi kuwa, wanda ake kira Gangirwal, shi ne ƙololuwar Najeriya, mita 2,419, a cikin Gandun Dajin Gashaka-Gumti dab da iyakar Kamaru.

Amfanin waɗannan alƙaluma shi ne lissafi. Duk mita 1,000 da ka hau, zafin iska yana raguwa da kamar digiri 6 da rabi. Ke nan a Mambila ka cire digiri 7 zuwa 8 daga abin da ka saba a gida, a saman Gangirwal kuma ka cire 12 ko 13. Wannan kafin a sa iska da danshi a lissafin. Daren da a ƙauyenmu za ka ja mayafi ɗaya ka yi barci, a can sai bargo biyu da hula.

Wani abin da mutane ba sa tsammani shi ne rana. Iska tana da sanyi, sai ka ɗauka ranar ba ta da ƙarfi, alhali hasken da ke ƙona fata yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin 100 a kowace mita 1,000. Malafa da man kaɗanya na leɓe ba kayan ado ba ne.

Iskar numfashi ma tana raguwa. A mita 1,600 yawancin masu lafiya ba abin da za su ji sai haki in sun hau gangara. Ciwon tsauni, wato ciwon kai da tashin zuciya da rashin barci, ya fi kama mutane daga mita 2,500, amma wasu suna fara jin sa tun kafin nan. Wanda abin ya fi shafa a cikinmu shi ne mai sikila. Sanyi da ƙishirwa da ƙarancin iska, ukun nan duk suna tayar da ciwon, kuma a kan dutse tare suke zuwa. Mai sikila, da mai asma, da mai ciwon zuciya, kada ɗayansu ya ɗaura jaka sai ya ga likita.

Lokaci, izini da hanya

Daminar Mambila ba irin tamu ba ce ta wata huɗu. Ruwa yana farawa tun wajen Maris ko Afrilu, ya kai har Oktoba, wani lokaci ya leƙa Nuwamba. Wanda bai taɓa zuwa ba ya tsaya tsakanin Disamba da Fabrairu. Dare ya fi sanyi a lokacin, amma hanya a bushe take, rafuka sun ja baya. Wannan ya yi mana daidai, an gama girbi an kai amfani rumbu.

Daji yana da masu shi. Gashaka-Gumti gandun gwamnatin tarayya ne tun 1991, shi ne mafi girma a ƙasar nan, ofishinsa yana Serti, kuma ba a shigarsa sai da izini da rakiyar ma'aikatan gandun. Ngel Nyaki ma keɓaɓɓen kurmi ne, akwai masu bincike da masu gadi, saboda birai masu kama da mutum da ke zaune a ciki da itatuwan da ba a samunsu a ƙasan tsauni. Ko a wajen gandu za ka kwana, ka fara zuwa gaida Jauro, wato mai garin, ko Arɗon wurin da ɗan goronka, ka faɗi ko kai wane ne da kwana nawa za ka yi. A bakinsa za ka ji ko akwai wata rigima ta fili ko ta shanu a yankin a wannan makon, abin da waya ba za ta gaya maka ba. Shi ne kuma zai haɗa ka da ɗan rakiya. Fulatanci ne harshen kasuwa a can, duk da ana jin Hausa sosai, kuma ɗan rakiyar da ya san kowane kwari ya fi duk wata taswira. Ku yi cinikin ladansa tun a gari, a gaban mutane, har da cewa abincinsa a kanku yake.

Daga wajenmu hanyar ita ce Gwaram, Darazo, Dukku, Gombe, sannan Kaltungo, Numan, Jalingo. Nan za ka kwana. Washegari Garba Chede, Bali, Serti, Mayo Selbe, daga nan mota ta kama hawan nan mai lanƙwasa har Maisamari. Kwana biyu ne, kar ka matse shi ya zama ɗaya, kar kuma ka yi tafiyar dare. Idan kun hau, ku kwana ɗaya a gari, Nguroje ko Gembu, kafin ku shiga daji: jiki ya saba, ku kuma ga abin da kuka manta tun kasuwa tana kusa. A gida ka bar wa wani babba sunan ƙauyen ƙarshe da lambar wani mutumin can da ranar da za a ji muryarka, domin da zarar kun gangara kwari sabis ya ɗauke.

Kayan jiki, da ledar Kawu

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin kuskure.

Shadda da yadi da duk wani kayan auduga suna shan ruwa su riƙe shi. Auduga jiƙaƙƙiya a jikinka tana zuƙe ɗumi kamar yadda randa take sanyaya ruwa. Abin da ya dace ya taɓa fatarka lokacin tafiya shi ne irin jesin 'yan ƙwallo, mai bushewa da wuri. A kansa suwaita ta ulu ko makamanciyarta. A kan wannan kuma rigar ruwa mai hula, wadda take tare iska. Riga uku marasa kauri sun fi jibgegiyar riga ɗaya, domin in ka fara gumi a hawa sai ka cire ɗaya, in ka tsaya ka mayar. Gumi ma jiƙa ne. Mu mun saba mu bar shi ya bushe a jiki, a can kuwa da ka zauna hutawa zai koma ƙanƙara a bayanka. Ka fara tafiya kana ɗan jin sanyi, kafin ka yi nisa jiki zai ɗau ɗumi.

Duk wannan ana samunsa a gwanjo. Ka shiga Ƙofar Wambai a Kano tun kafin hunturu ya kankama farashi ya tashi. Ka duba zif, ka ɗaga rigar ruwan ka leƙa ta a rana ko akwai huda, musamman a kafaɗa da ɗinki.

Sai dokar da ba ta da sassauci. Ka ware kaya saiti ɗaya, riga mai dogon hannu, wando, safa mai kauri da hular sanyi, ka sa su a leda, ka ɗaure, ka sake sa wannan a wata ledar. Waɗannan na barci ne kawai. Ko da safe kayan tafiyarka suna da lema, su za ka mayar, ka ninke na barcin ka mayar leda. Sa jiƙaƙƙiyar riga da sassafe akwai ɗaci, amma ɗacin na minti goma ne. Wanda ya fita da kayan barcinsa ya jiƙa su, ba shi da wurin gudu in dare ya yi. Bargo ma haka, ashana da laita haka, waya haka. Cikin jakar kanta ka fara zura babbar leda kafin ka zuba komai.

Takalmi ya zama wanda ƙafarka ta saba da shi, mai ƙasa mai kaushi. Sabon takalmi zai yi maka kanta tun ranar farko. Mutanen can da yawa takalmin ruwa na roba suke sawa, domin ciyawar safiya tana jiƙa mutum har gwiwa ko ba a yi ruwa ba. Silifas na zaman sansani ne kawai.

Sai kayan shimfiɗa: tabarma ba ta hana sanyin ƙasa, ƙura kawai take tarewa. Ƙasa tana jan ɗumin jiki fiye da iska, kuma bargon da ka kwanta a kai ya danne ba ya aikin komai. Ka nemi siririyar katifar soso da za ta naɗu, ko ka shimfiɗa kwali riɓi biyu. In duk babu, buhu biyu a cika su da busasshiyar ciyawa.

Tanti kuwa, araha ba ta ado. Ka nemi mai riɓi biyu, na ciki mai shan iska da na waje mai tare ruwa. In mai riɓi ɗaya ka samu, ka haɗa da tamfol da igiya mai tsawo. Ƙananan kaya: adda, tocila mai ɗaurawa a goshi da batir na ƙari, fawa bank, allura da zare, gidan sauro saboda kwanan Jalingo da Serti inda zafi da sauro suke, bandeji, maganin ciwon kai, da gishiri da sukari na gudawa.

Kafin ka tafi ka yi gwaji. A cikin muku-mukun sanyin Disamba, ka kafa tantin a bayan gida ko a gona, ka sa ƙanenka ya kwara masa bokitin ruwa biyu kana ciki, ka ga inda yake zuba. Ka kwana a ciki. Maƙwabta za su yi da kai, ka bar su. Wanda yake kusa da Doguwa yana da duwatsun Riruwai, waɗanda suka haura mita 1,000, wurin gwada ƙafa da jaka. Sai dai ba a kwana a wajen nan, ko a dajin Falgore, sai da sanin masu gari da jami'an tsaro.

Inda za ka kafa tanti

Ka isa wurin kwana da la'asar sakaliya, da sauran rana aƙalla awa biyu. A kurmi duhu yana riga agogo, hazo kuma yana tasowa daga kwari da yamma kamar hayaƙi.

Idonka zai fara kai ka wurin da bai dace ba: ɗan fili mai laushi a ƙasan kwari, kusa da ƙorama, babu iska. Ni ma can na nufa na sauke jakata. Ɗan rakiyarmu, wani Bafulatani mai 'yan shekaru, ya girgiza kai.

"Malam, nan sanyi yake kwana."

Gaskiyarsa. Iska mai sanyi ta fi nauyi, da dare sai ta gangaro ta taru a kwari kamar ruwa a kwatami, raɓa ma can ta fi sauka. Ban da haka, ƙoramar dutse tana iya cika cikin ɗan lokaci saboda ruwan da aka yi a sama, wanda kai ko ɗigonsa ba ka gani ba. Ƙololuwar tudu ma ba wurin kwana ba ce, iska da tsawa can suke sauka. Abin nema shi ne tsaka-tsaki: ɗan dandamali a gefen gangara, a bakin kurmi inda itatuwa suke tare iska, nesa da ruwa kamar taku 70 zuwa 80. In ya kalli gabas ya fi, hantsi zai busar maka da tanti da wuri.

Ka ɗaga kai kafin ka kalli ƙasa. Busasshen reshe da ke rataye a sama, ko matacciyar bishiya a tsaye, iskar dare ɗaya ta ishe su. Itatuwan turare da aka shuka ko'ina a Mambila suna yar da reshe ba sallama, kar ka kwana a ƙarƙashinsu. Sannan ka duba ƙasa. In ka ga kashin shanu da sawun kofato sun yi layi, burtali ne, garke zai bi ta kanka da asuba. In ka ga jerin kwarkwasa, ka ɗauki kayanka ka matsa da nisa, ba a jayayya da su.

Kafawar kanta ga yadda take. Ka share duwatsu da ƙirare da ƙafa, kar ka sare komai. Ka kwanta a wurin tukuna ka ji ko akwai gangara, in akwai, kai ya kasance a sama. Ka shimfiɗa ledar ƙasa, ka tabbata ba ta leƙo waje da gefen tantin ba, domin duk abin da ya leƙo zai tari ruwa ya kai shi ƙarƙashinka. In ta yi girma ka naɗe bakin ciki. Ka juya bayan tantin ga iska, ƙofa ta kalli inda iska take tafiya. Ka fara kafa turakun kusurwa huɗu, kowanne a karkace, kansa yana kallon waje, ka danne shi da dutse in ƙasar tana da laushi. Rufin waje ya miƙe tsam, kada ya taɓa na ciki, domin duk inda suka haɗu nan ruwa zai ratso. Mai tamfol ya ɗaura igiya tsakanin itace biyu, ya yafa tamfol ɗin a kai kamar jinka, ya bar tazarar hannu tsakaninsa da tantin, gefe ɗaya ya fi sauka don ruwa ya zurare.

Abin da ya jiƙa ni a daren farko shi ne rufe kowace kafa don gudun sanyi. Mutum uku suna numfashi a rufaffen tanti, tururin yana haɗuwa da sanyin rufi ya koma ruwa. Ka bar 'yar kafa a sama a buɗe ko da sanyi ya kai yaya. Jiƙaƙƙun kaya da takalma kuma a bakin ƙofa za su kwana ƙarƙashin rufin waje, ba a ciki ba. Da safe ka zazzage takalmin kafin ka zura ƙafa.

Wuta, tukunya da ruwan sha

Itacen kurmi ko ya bushe a ido yana da danshi a ciki. Ka tsinci ƙiraren da suka karye suka maƙale a sama, ba waɗanda suke kwance a ƙasa ba, ka fere bayansu da adda. Ka zo da abin kunnawa daga gida a cikin leda, guntun kyandir ko tsumma da aka shafa wa man kaɗanya. A cikin keɓaɓɓen kurmi ba a sare itace, wani wurin ma ba a yarda da hura wuta ba sam, don haka ƙaramin risho ko ɗan gas shi ne kwanciyar hankali. A watannin rani ciyawar tsaunin ƙiris take jira, kuma gobarar ciyawa tana cikin abin da yake cinye bakin kurmin nan kowace shekara. In za ka hura wuta, ka share fili taku biyu kowane gefe, ka kewaye da duwatsu busassu, ba na cikin rafi ba, waɗanda sukan fashe in sun ji wuta. Murhun ya kasance ta inda iska ba za ta kai tartsatsi kan tanti ba.

Girki zai ba ka mamaki. A gida ruwa yana tafasa dab da digiri 100, a mita 1,600 kuwa wajen 95, a saman Gangirwal wajen 92. Tukunya tana ta ɓararraka amma zafinta bai kai ba. Ƙanena ya ɗora wake da magariba, har muka yi isha muka gama hira yana nan kamar tsakuwa, kananzir ya kusa ƙarewa, a ƙarshe garin kwaki muka jiƙa da ƙuli-ƙuli. In dole sai wake, a jiƙa shi tun safe, a sa 'yar kanwa, a rufe tukunya ruf. Amma mafi sauƙi ka ɗauki abin da ba ya cin wuta: taliya, garin kunu, garin tuwo da kuka da daddawa, kilishi, dabino, gyaɗa, dakuwa. Abinci mai maiƙo da daddare yana taimakon jiki ya yi ɗumi har asuba, cokalin man shanu a tuwo ba almubazzaranci ba ne. Shayi da citta da kanumfari kuwa, a Mambila kake, gonar shayin Kakara tana nan kusa.

Ruwan ƙorama garau yake, mai sanyi kamar na firji, amma sama da kai akwai ruga da shanu. Ka tace da tsumma mai tsabta, ka tafasa shi ya yi ɓararraka minti ɗaya cur. In ka haura mita 2,000, minti uku. Sanyi yana ɓoye ƙishirwa, sai mutum ya wuni bai sha ba ya ce tsauni ne ya sa masa ciwon kai. Ka sha lita uku ko fiye a ranar tafiya, ka riƙa duba fitsarinka, in ya yi duhu ka ƙara. In gudawa ta kama wani, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ragowar abinci a rufe shi a rataye nesa da tanti, saboda ɓeraye da tururuwa da birai. Kar ka ba biri komai, gobe da danginsa zai dawo. Bayan gida kuma a yi shi nesa da ruwa, a tona rami kamar tsawon taƙi, a rufe.

In dare ya yi

Kada garwashi ko kurfoti ko risho mai ci ya shiga tanti, ko na minti biyar. Gawayi yana fitar da iskar gubar nan da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai take kashe masu kwana da janareta a ɗaki. Mutum barci yake ji, daga nan shi ke nan. In kana son ɗumi, ka zuba ruwan zafi a gorar da murfinta ba ya yoyo, ka naɗe ta da safa ka sa tsakanin cinyoyi. Ka yi fitsari kafin ka kwanta, ka sa hula, waya da batir su kwana a cikin bargo tare da kai domin sanyi yana zuƙe caji.

Ku riƙa lura da juna. Rawar ɗari alama ce jiki yana kokawa. Abin tsoro shi ne mutum ya fara magana tana harɗewa, hannu ya kasa ɗaura igiya, yana tuntuɓe, ko ya yi shiru ya ce a ƙyale shi ya kwanta. Zafin jikinsa ne ya sauka ƙasa da digiri 35. A cire masa jiƙaƙƙun kaya nan take, a sa busassu, a raba shi da ƙasa, a rufe kai da ƙirji, wani ya shiga bargon tare da shi. In yana iya haɗiya a ba shi shayi mai sukari. Kar a murza masa hannu da ƙafa, kar a kara shi da wuta. In rawar ɗarin ta tsaya amma bai dawo hayyacinsa ba, a nemi taimako a sauko da shi a hankali. Haka wanda ciwon kai da amai suka ƙi sauki a can sama, ko yake haki yana zaune: maganinsa gangarowa, ba jiran safiya ba in hanya tana biyuwa.

Alwalar asuba da ruwan ƙorama jarrabawa ce. Ka cika buta da ruwan ɗumi da daddare ka naɗe ta a tsumma, ka goge jiki sosai bayan ka gama. Alƙibla a can ta fi karkata arewa fiye da yadda muka saba a gida, kuma cikin hazo ba ka ganin inda rana ta fito, don haka ka saita ta tun da yamma ka ajiye sanda a ƙasa tana nuna ta.

Hazo in ya rufe ku a hanya, ku tsaya wuri ɗaya ku sa rigunan ruwa. Tuddan Mambila kama ɗaya suke, kore a kan kore, kuma wani gefen yankewa yake yi tsaye. In hadari ya taso, ka ƙirga tsakanin walƙiya da ƙarar tsawa: kowane daƙiƙa uku kilomita ɗaya ne. In bai kai daƙiƙa 30 ba, ku bar kan tudu, ku nisanci bishiyar da take tsaye ita kaɗai, kada kuma ku cure wuri ɗaya. Tanti ba ya tare tsawa.

Maciji ya fi yawa a ƙasa inda ake zafi, amma kasa tana kwanciya a ciyawa ba ta gudu. Kar ka fita da dare ba tocila ba takalmi. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A cire zobe da agogo, a ɗaure gaɓar da sanda don kar ta motsa, a ɗauke shi zuwa asibiti mafi kusa. Asibitin da ya shahara da maganin saran maciji yana Kaltungo, a kan hanyarmu ta dawowa, amma daga kan tsauni nisa ne, ba a tsallake na kusa.

Ranar tashi

Ku jira hantsi ya busar da rufin in da hali. Wuta a kashe ta da ruwa, a juya tokar da sanda, a sake zubawa, har sai ka iya sa bayan hannunka a kai. Leda da gwangwani da batir, duk abin da kuka hau da shi ku sauko da shi, saniya tana cin leda ta mutu, kuma mai ita ya san su waye suka kwana a wurin. Ku koma ku sallami Jauro, ku biya ɗan rakiya a gabansa.

Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, ka yanki gajeren taku ka riƙe sanda. A masaukin farko ka tuɓe ka duba hammata da matsematsi da bayan gwiwa saboda kaska. In ka samu, ka kama ta dab da fata ka ja a hankali ba murɗawa. In zazzaɓi ya zo cikin makonnin da suka biyo baya, ka je a gwada jini, ka gaya wa likita inda ka je.

Da ka iso gida, kafin ka zauna ba da labari, ka warware tantin da bargo ka shanya a kan katanga wuni guda. Nawa na farko na bar shi a naɗe a cikin buhu har sati biyu. Da na buɗe ya yi baƙin fumfuna, yana wari kamar tsohon rumbu, Inna ta karɓe shi ta rufe wa kajinta akurki.